Kuben da Ya Zame a Sahun Juma'a

Jiya wasu ɗalibai biyu daga unguwar Darrasa suka shigo shagona a nan unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira, ɗaya yana tura mini waya a fuska. Wai ga wani Bature a bidiyo ya ɗinka kuben bindiga cikin minti goma sha biyu, don haka su ma in nuna musu hannu a hutun nan, su riƙa samun na shayi. Na ce masha Allah. Na miƙa wa mai wayar guntun fatar saniya da basilla, na ce ya huda mini rami goma a jere. Ya huda uku, na huɗun ya huda babban yatsansa. Muna ɗaure masa yatsan, ɗan uwansa ya hango dardumar da ke naɗe a kusurwa, ya ce, "Usta, ashe a shago kake salla, ga masallaci a bakin layi?" Na ce musu su zauna. Wannan dardumar kayan aiki ce, ta ma fi basillar muhimmanci, kuma sai da na kusa kashe wa mutum aikinsa da matarsa kafin in san haka.

Ni Haruna ne, mutanen layin nan suna ce mini Usta Harun, wato ƙwararren mai sana'a. Gidanmu a Kano gidan dukawa ne, tun ban iya tsarki ba nake ɗinka kuben wuƙa. Karatu ya kawo ni Alƙahira, karatun kuma ya ƙi ni ƙiri-ƙiri. Sau biyu nahawu yana kayar da ni, aka janye tallafi, kunya ta hana ni komawa gida hannu rabbana. Ina yawon neman abin yi na faɗa wani lungu bayan kasuwar masu fata, na ji warin jima, ƙafata ta tsaya da kanta. A nan na samu Usta Ramzi, wani gajeren tsoho Kirista mai faɗan tsiya, wanda ba ya ɗinka komai sai kuben bindiga, abin da Masarawa ke kira garab. Masu zuwa wurinsa jami'an tsaro ne da masu gadin manyan mutane. Na nuna masa ɗinkina ina taƙama. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Kyakkyawa ne. A rataye shi a bango." Ya wurgo mini tsintsiya.

Shekara shida na yi a gabansa. Abu na farko da ya dasa mini a kai, ba ya auna kowa sai ya ga lasisin bindigarsa da idonsa, ko da kuwa mutumin ya zo da taurari a kafaɗa. Bindiga ta gaske kuma ba ta kwana a shagonsa. Yana da na katako rataye a ƙusa, kafinta ya sassaƙa su daidai da na gaske, aka zuba musu darma a ciki har nauyinsu ya zo ɗaya. Da su muke aiki, da su nake aiki har yau.

Ku da kuke ganin abin wasa ne, ku saurara. Ƙaramar bindiga ko tela ya ɓoye maka ita. Babba ita ce jarrabawa. Ƙarfe ne mai nauyi, mai dogon baki da kaurin mariƙi, za ka ɗora shi a jikin ɗan Adam tun safe har dare, cikin zafin Alƙahira, ana so kada a gani, kuma kada ya ci naman mai shi. Bakin ba shi ke tona asiri ba, mariƙin ne, shi ke turo riga. Fatar da za ka yanka sai wadda aka jeme da ɓawon itace, irin jimar bagaruwa ta gida. Wadda aka jeme da sinadari tana da laushi da kyan gani, amma in gumi ya ratsa ta sai ta sa wa ƙarfe tsatsa. Za ka jiƙa ta da ruwa mai ɗumi, ka lulluɓe katakon, ka bi kowane lungu da ƙashi kana dannawa har fatar ta haddace siffar, sannan ka shanya a inuwa. Ka kuskura ka sa a rana don sauri, ta bushe ta tsage, khalas, shi ke nan. Ɗinki da allura biyu ne, zare ya sha kakin zuma. Sai ɗamara, wadda kowa ke rainawa: in ba fata biyu aka haɗa ba, nauyi zai lanƙwasa ta, kuben ya riƙa lilo, mutum ya wuni yana jan wando.

Duk wannan na koya, na kuma ƙware. Abu ɗaya ne na raina a aikin Usta Ramzi, wato yadda yake awo. Zai ɗaura wa mutum kuben da katako a ciki, ya ce ya zauna a kujera, ya tashi, ya jefa makulli ƙasa ya ce ya ɗauko. Daga nan sai ya shimfiɗa wani tsohon buhu, ya daka tsawa: "Yalla, maza yi mini yadda kake salla!" Ka ga babban jami'i da tumbinsa yana ruku'u yana sujada a kan buhu, tsohon yana zagaya shi yana leƙen ƙugunsa. Ni kuwa sai in kau da kai, kunya kamar in nutse. A raina ina cewa wannan ai rashin ta ido ne, kuma shi da ba ya salla, ina ruwansa da sujadar mutane? Ranar da na buɗe nawa shagon na ɗauki komai nasa, na bar wannan a can.

Shekara huɗu ban ga illar haka ba. Yawancin masu zuwa wurina samari ne 'yan kwat, masu gadin ofisoshin unguwar Dokki, marasa tumbi, ɗamara a ɗaure tamau. Suna ya fita, har Masarawa suna kwatance da shagon baƙin mutumin nan na Ard al-Liwa. Kai ya kumbura.

Sai ranar da Baba Saja ya shigo. Wata Talata ce da hantsi, ya sauko daga tuktuk, keke napep ɗin nan garin, yana ɗingishi kaɗan. Tsohon soja ne daga wajenmu, sunansa Mamman, yana tsaron jakadan wata ƙasa tamu, ba sai na faɗi wace ba. Dattijo mai furfura a gemu, sa'an mahaifina. Na miƙe na ba shi kujera, na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna mini takardar izininsa ba tare da na tambaya ba, sannan ya ɗaga kaftaninsa. Subhanallahi. A ƙugunsa na dama akwai tsohon tabon rauni, kuben roba da aka ba shi a wurin aiki ya bi ta kan tabon ya goge fatar har ta koma ɗanyen nama. Ya cusa auduga a wurin, audugar ta manne.

"Ɗana," ya ce, "wannan abin zai kore ni daga aiki. Kwamandanmu sabon zuwa ne, yana ganin na tsufa. In na ce masa ba zan iya ɗauka ba, jirgi zai sa ni. Ni kuwa ba ni da halin tafiya."

Na ce, "Baba, ai gida gida ne."

"Matata Gambo," ya ce, "sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda a nan. Zamanta a ƙasar nan a kan takardata yake. Garinmu kuwa, kafin ka kai inda injin yake sai ka wuni a mota, in ka je ma ka tarar da layi. Likita ya gaya mini gaskiya, ba za ta jure ba. Ka gane?"

Na gane. Na kuma ɗaura niyyar yi masa kuben da bai taɓa sa irinsa ba. Tunda dama ta lalace, na mayar da shi hagu, gaba kaɗan, ƙasan haƙarƙari, a karkace yadda hannun dama zai tsallaka ya same shi. Don kada ya matse shi, na saki bakin kuben. Don kada ya goge shi, na shimfiɗa masa jar fatar akuya ta Sakkwato a ciki, wadda nake ɓoyo tun zuwana, na shafe ta da mai har tana santsi. Ranar gwaji ya tsaya a gaban madubi, kaftani ya sauka sumul, ba ka ganin komai. Ya zauna, ya tashi, ya yi murmushi. Wallahi a lokacin muryar Usta Ramzi ta faɗo mini, na ji ta sarai. Amma na dubi furfurarsa, na ce ni Haruna, sa'an ɗan cikinsa, in ce masa ya duƙa ya kai goshi ƙasa ina tsaye a kansa? Bakina ya ƙi buɗewa. Na ce, "Baba, ya yi. Allah ya sa a sa lafiya."

Kwana uku ya sa shi lafiya. Rana ta huɗu Juma'a ce, ya raka jakada masallaci a Dokki, ya tsaya a sahu na biyu, daidai bayan maigidansa. Da aka kai sujada ta farko, ƙugu ya yi sama, kafaɗa ta yi ƙasa, bakin kuben da na saki ya dubi ƙasa, tumbi ya danno daga baya, fatar akuyata mai santsi ta ba da hanya. Bindigar ta silalo ta ƙarƙashin kaftani ta faɗi tim a kan kafet. Allah ya tsare ba ta tashi ba. Amma wanda ke gefensa ya ɗago ya gani, ya ƙwalla ihu, sahu ya watse, wani tsoho ya faɗi aka taka masa hannu. Jakada ya sha kunya a gaban mutanen gari, aka yi ta ba hukuma haƙuri.

Baba Saja bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo washegari. Ya ajiye kuben a kan teburina. Na jira zagi, na ma fi son ya zage ni. Bai yi ba.

"An karɓe bindigar," ya ce. "An mayar da ni bakin ƙofa ina buɗe wa motoci. Kwamanda ya rubuta takardar mayar da ni gida. Jakada ya ce a dakata wata ɗaya saboda tsohon sabo. Gambo ba ta sani ba tukuna."

Na ce, "Baba, laifina ne."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na zo wurinka. Wanda ya ɓata shi ya san inda ya ɓata."

Wannan ita ce muguwar shekarata, in kuna son sani. Masu gadin Dokki duk sun san juna, a gidan gahawa ɗaya suke shan shayi. Kafin mako ya zagayo labari ya gama su: kuben baƙin mutumin nan yana amai a masallaci. Mutum biyar da na yanka wa fata ba su dawo ba. Wani ma ya zo takanas ya tsaya a ƙofar shago yana yi mini dariya. Na koma gyaran jakar makaranta da maɗaurin takalmi, kuma a haka na ƙare shekarar. Amma a wannan watan ko a jikina, abin da ke gabana ɗaya ne, kada a sa matar nan a jirgi.

Na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, na tafi unguwar Shubra wurin Usta Ramzi. Ya daina aiki, ido ya yi rauni, yana zaune a baranda da rediyo. Na sa masa kuben a hannu. Ya shafa bakin, ya zura yatsa ciki, ya shinshina.

"Wa ka yi wa wannan, ya Harun? Amarya?"

Na ba shi labari tun daga farko. Da na gama ya ce, "Ka sa shi ya yi salla da shi?"

"A'a, Usta."

"Dalili?"

"Sa'an babana ne. A wajenmu yaro ba ya ce wa babba ya duƙa."

Kai, ranar na sha wankin babban bargo. Ya buga sandarsa a ƙasa har maƙwabciya ta leƙo. "Shekara shida kana kallona kana tsammani wulaƙanta mutane nake yi? Ni ba na salla, amma ina da ido! Mutanen nan sau biyar a rana suke kifa kansu ƙasa. Wanda ya auna Musulmi a tsaye, rabin mutum ya auna. Kai da ka zo karatun addini, sai ni zan gaya maka? Ka ji kunyarsa a shago inda ba kowa, ka kai shi ya ji kunya a gaban mutum dubu. Wannan ce ladabin?" Da ya huce ya sa aka kawo mini shayi, ya ce, "Ma'alish, ba komai. Tafi ka gyara. Laushi na jikin mutum ne, ba na jikin ƙarfe ba. Ka juya su."

A mikrobas ɗin dawowa na yi ta juya maganar, har na wuce tashata. Na sa laushi a ciki inda ƙarfe yake, alhali a waje ya kamata, inda naman mutum yake. Ciki kuwa sai ya kama ƙam.

Sauran matsala ita ce bakina, yadda zan buɗe shi in ce wa dattijo ya duƙa. Ga kuma abin da ya daɗe yana damuna, sujada ta Allah ce, ba na son a yi wasan kwaikwayo da ita a kan buhu. A nan ɗan karatun da na tsira da shi ya yi mini rana. Na share kusurwar shago, na shimfiɗa sabon kwali ya fuskanci alƙibla. Da Baba Saja ya zo da hantsi, na ce, "Baba, kana da alwala?"

"Ina da ita. Lafiya?"

"Walha za ka yi, raka'a biyu, ta gaske, da katakon nan a jikinka. Ni zan tsuguna a gefe ina kallon ƙugunka. In ka sallame ka sake wata. Ka yafe mini, amma yau ba Baba ba ɗa, sai mun gama."

Ya dube ni, sannan ya tuɓe takalmi ya ce, "Da ka faɗi haka tun farko, ja'iri."

Kube na farko na matse bakinsa, na danna fatar ta kama wuyan katakon. Ya riƙe a sujada, amma da ya zauna tahiya sai gindin kuben ya soki cinyarsa, na ga fuskarsa ta yamutse. Na jefar. Na biyu na ɗaga shi sama da yatsa biyu. Cinya ta huta, mariƙi kuma ya turo kaftani a ruku'u, ko makaho ya gani. Na uku na ƙara karkata shi, ya ɓoyu tsaf, muka fara murna, sai a sujada ta biyu ta raka'a ta biyu katakon ya silalo ya bugi kwalin. Wannan ƙarar har yau tana kunnena. Baba Saja ya ƙarasa sallarsa, ya sallame, ya dubi katakon a ƙasa, ya ce, "Saura kwana goma sha shida." Na jawo wata fatar.

Da na ga gwiwoyin tsohon sun fara kumbura, sai na ce wannan wahalar ni ya kamata in sha. Na naɗa tawul a cikina ya zama tumbi, na ɗaura kube na huɗu da katakon, na sa jallabiya. Kwana tara ban cire ba sai wanka da barci. Da shi nake salloli biyar, da shi nake cusa kaina cikin tuktuk, da shi nake hawa benenmu hawa biyar. A nan na ji abin da mutum ba zai iya gaya maka da baki ba. Na ji inda nauyi ke taruwa wuri ɗaya yana ƙuna, sai na yi masa faffaɗan bango na fata a baya, kamar tafin hannu biyu, ya raba nauyin. Na ji inda gumi ke taruwa, na shimfiɗa fatar akuyar a nan, ta ɓangaren jiki. Na ji ɗamara tana zamewa ƙarƙashin tumbi in an duƙa, na yi sabuwa mai fata biyu, na tsaga ta ta kauce wa tabon dama. A ƙarshe na sa ɗan maɗauri a kan mariƙin, mai maɓalli, wanda babban yatsa ke ɓallewa a tafiya ɗaya, amma ba ya buɗewa da kansa ko an kifa mutum. Matata ta ce na zama mahaukaci, mai shagon kusa ya ce ciki gare ni. Ko oho.

Na biyar shi ne ya tsaya. Baba Saja ya yi raka'a takwas da shi a hantsi ɗaya, ya yi tsalle, ya shiga bayan tasi ya fito, katako ko motsi. Ya kai wa Kwamanda. Na raka shi har bakin ƙofa, aka ce in shigo. Kwamandan matashi ne mai tsayi, ba mugu ba ne, tsoron abin da zai sake faruwa yake yi, kuma yana da gaskiya. Ya juya kuben a hannu ya ce, "Kai ne ka yi na farkon?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kuma kana so in sake yarda da kai?"

"Kada ka yarda da ni. Ka gwada shi."

Ya yi tunani, ya ce, "Juma'a. Masallacin da abin ya faru, sahun da abin ya faru. Zan cire harsasai da hannuna in ba shi. Ni zan tsaya a bayansa. In na ga alamarta a riga, ko ta motsa, takardar tana kan teburina, sa hannu kawai ta rage."

Ranar Juma'a na riga ladan zuwa. Na samu wuri a hagun Baba Saja, kafaɗa da kafaɗa, daidai ɓangaren kuben. Wasu sun gane shi, na ga wani ya ja ɗansa ya canza sahu. Tsohon bai kula ba, ya kafa ido a gabansa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba, ban san surar da ya karanta ba. Aka yi ruku'u, na saci kallon rigarsa, sumul. Aka tafi sujada. Goshina yana ƙasa, amma duk jikina ya zama kunne, ina jiran tim ɗin nan. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Liman kuma ranar kamar da gayya, ya daɗe. Allahu Akbar, muka ɗago. Shiru. Ta biyu, shiru. Raka'a ta biyu, shiru.

Da aka sallame, mutane suka fara miƙewa, sai Baba Saja ya sake kifawa ya yi sujadar godiya. Ya daɗe a ciki fiye da duk na liman, kafaɗunsa suna rawa. Kwamanda yana tsaye a bayansa da takalmi a hannu, yana kallon ƙugun tsohon a sama, kaftani a kwance lafiya lau. Da ya ɗago, Kwamanda ya sunkuya ya ce a hankali, "Saja, tana jikinka kuwa?" Baba Saja ya kama hannunsa ya ɗora a ƙasan haƙarƙarinsa. Kwamanda ya gyaɗa kai, ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai, motar jakada." Ni kuma na koma gefe na sake salla, azahar raka'a huɗu, don waccan ban san abin da na yi a cikinta ba.

Bayan mako biyu tuktuk ya tsaya a ƙofar shagon nan, wata dattijuwa ta sauko a hankali, filasta a hannunta, daga asibiti take. Ban taɓa ganinta ba, amma na san ko wace ce. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da jiki." Ta zauna ta huta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Haruna? Sai da komai ya wuce ya gaya mini. Na ji ka sa mijina ya yi ta nafila har gwiwa ta kumbura. Ni shekara talatin ina fama da shi ya yi walha, ya ƙi."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ta ciro wata darduma daga leda ta ɗora mini a cinya. "An ce a kan kwali yake yi. Wannan tawa ce, da ita na je Makka. Ka shimfiɗa wa duk wanda ya zo. Ko sa'an kakanka ne, kada ka ƙara jin kunyarsa."

Shekara biyar ta ƙara yi a garin nan, ta ga auren 'yarta, ta goya jika. A nan ta rasu, a gadonta, mijinta yana riƙe da hannunta, ba a bayan mota a hanyar neman inji ba. Masu gadin Dokki sun dawo ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu Baba Saja ne ya jawo su da kansa kafin ya yi ritaya. Shi ya sa har yau ba na awo bayan la'asar, don ba lokacin nafila ba ne, kuma ba na yanka fatar kowa sai ya hau dardumar nan. Wanda ba ya salla, ya duƙa ya ɗaure igiyar takalmi, ya rarrafa ya leƙa ƙarƙashin tebur, duk ɗaya ne a wurina. Wani babban jami'i ya taɓa cewa shi ba zai yi ba, na nuna masa ƙofa.

Na warware dardumar na nuna wa ɗaliban nan. Wurin gwiwa ya suɗe, zare ya fito, wurin goshi ya yi baƙi. Mai ciwon yatsa ya ce, "Usta, ai ta mutu, ka sayi sabuwa mana." Na ce masa ba za a saya ba. Na sauko da katakon nan mafi nauyi daga ƙusa, na ɗaura masa a ƙugu da kube na uku, wanda ya zame, don ban jefar da shi ba. Na ce, "Kana da alwala? To, tuɓe takalmi ka hau."